Ƙafar Hagu ta Motar Yaya

Motar Yaya ta yi kusan shekara biyu a tsakar gidanmu na Dakoro, ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, a karkace. Ba wata karkata ce mai yawa ba, amma duk wanda ya shigo ta ƙofar ƙarfe zai lura gabanta na hagu ya fi na dama kusa da ƙasa, kamar akwai mutum mai jiki zaune a kujerar direba yana jiran a gama lodi. Yaya kuwa mai jiki ne. Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ne auta, tsakaninmu akwai mata uku da aure ya watsa garuruwa. Duk naman gidan shi ya kwashe, ni aka bar mini ƙashi da saurin fushi.

Da motar nan yake jigilar mutane ranakun kasuwa, Dakoro zuwa Birnin Lalle, Dakoro zuwa Rumbu, wani sa'in har rugagen da babu hanyar zuwa sai sawun shanu. Tsohuwa ce mai dogon baya, ta ɗauki mutum, ta ɗauki akuya, ta ɗauki buhun gero, ba ta taɓa ƙin tafiya ba sai dai ta yi nishi. Saboda ita ya fasa katangar gidan ya sa ƙofa mai faɗi, don bai yarda ta kwana a waje ba. A cikinta ya koya mini tuƙi da ƙarfin tsiya, ya matsa mini har na yi permi, takardar izinin tuƙi, wai namijin da bai iya tuƙi ba kaya ne, duk inda aka ajiye shi nan zai kwana.

Ranar da ya rasu daga Rumbu ya dawo, da la'asar. Ya shigo da ita, ya kashe, bai fito ba. Wannan bai ba kowa mamaki ba, don ya saba. Sai ya kwance rawaninsa ya rataya a makarin kujera, ya jingina kai, ya ce bari jijjigar hanya ta fita daga jikinsa. Inna tana kan tabarmarta a ƙofar ɗaki, tana fuskantar motar, tana tsinkar zogale. Ta gan shi, ta bar shi ya huta. Sai da rana ta yi ja, aka fara alwalar magariba, matarsa ta je ta ƙwanƙwasa masa gilashi. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya, kuma da alama tun shigowarsa ne. Wato Inna ta yi wajen awa biyu tana tsinkar zogale a gaban gawar ɗanta.

Ba ta yi kuka ba, ko a ranar, ko a sadakar uku, ko ta arba'in. Ban ma yi tsammanin za ta yi ba. Ɗan fari ne, Inna kuma irin matan da ce, waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, da ya sayi mota ya koma "mai mota". Kakarmu ce ta ɗauke shi tun yaye. In ya durƙusa gaishe ta, takan amsa tana kallon kaji. In ta dama fura ta rufe masa tasa, ba za ta ce ta wane ce ba, sai ta ce a ɗauke kwanon nan daga gabanta ya tare mata hanya. Akwai maƙwabcinmu mai suna irin nasa, shi ma ya yi asarar sunansa a bakinta, ya zama "mai shago". Kowa ya san al'ada ce, ni ma na sani. Amma ni da na yi boko na zama mushe a lakwal, wato malamin makaranta, ina wuni ina ce wa ƴaƴan mutane su buɗe ido su duba da kyau, a hankali sai na yarda da abin da idona ke nuna mini. Na ɗauka ni ne ɗan Inna, shi kuwa ɗan kaka ne da ke kawo cefane.

Da aka zo rabon gado ta aiki kawunmu ya ce a bar mata motar a cikin rabonta. Muka yi ta mamaki, tsohuwar da ko amalanke ba ta son hawa. Masu saye suka yi ta zuwa, ta ce ba ta sayarwa. Matar Yaya ta gama takaba ta koma gidansu a Birnin Lalle da ƴaƴanta mata biyu. Motar ta zauna. Kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin wuni, ƴaƴan bedi suka yi ta zuba a kanta, tayoyi suka sace. Babu wanda ya ƙara buɗe ƙofar direba. Ba wai an hana ba ne, kowa dai yakan sami dalilin zagayawa ta ɗaya gefen. Rawanin ma yana nan inda ya rataye shi. Ni kaina in na dawo daga lakwal da tsakar rana, haske ya bugi gilashin, gabana yakan faɗi kafin hankalina ya ce mini tsumma ne.

A cikin wannan zaman ne yanar ido ta kama Inna. Na hagu ya riga ya yi fari, na dama yana bin sa a baya. Ta fara laluben buta, ta fara gaishe da mutum da sunan wani. Wani likitan ido da ya zo Dakoro ya duba ta ya ce aiki ne mai sauƙi a Maraɗi, kwana biyu ta dawo tana gani, amma kada a bari ta wuce damina, don in yanar ta tsufa da yawa tana iya tafiya da idon gaba ɗaya. Na yi murna. Inna ta ce ba ta zuwa.

Wata uku ina fama da ita. Yau ta ce zafi, gobe ta ce wa zai kula da awaki, jibi ta ce abin da ta gani a duniya ya ishe ta. Na kawo kawu, na kawo liman, na sa yayyena mata suka yi ta kira a waya. Wata Juma'a haƙurina ya ƙare, na tsaya a kanta ina ɗaga murya, abin da har gobe nake jin kunyarsa. Na ce mata in ta makance ni zan sha wahalar, ba wani ba. Ta bari na gama tsaf, sannan ta nuna motar da haɓa.

"Ni ba ni shiga motar kowa. In tahiya Maraɗi ta zan dole, cikin waccan za ni."

Duk mai hankali zai gane ƙi ne aka yi masa cikin ladabi. Motar da ta shekara biyu ko tari ba ta yi ba, ina za ta kai wani Maraɗi? Ni kuwa na ce a raina, to mu zuba. Hutun lakwal na ƙarshen Maris ya kusa, ina da kwanaki a hannu, ina kuma da taurin kan da na gada a wurinta.

Na je wurin wani tsohon makanike, aminin Yaya ne duk da ya girme shi nesa, ciwon baya ya raba shi da gareji. Baba muke ce masa. Ya zo da sandarsa ya zagaya motar sau biyu, ya sa aka ba tayoyi iska, aka kawo batir. Injin bai ba mu wahala sosai ba. Bayan kwana biyu na wanke-wanke na shiga ta ƙofar dama na miƙa hannu na murɗa makulli, ya tashi da hayaƙi har kaji suka watse. Amma karkatar tana nan, duk da tayoyi sun cika. Baba ya danna gaban hagu da hannu ɗaya, motar ta nutse ta yi ta lilo ba ta tsaya ba. Ya ce ƙafa ce ta mutu. Amortisa, wato ƙarfen da ke shanye jijjigar hanya, ya zubar da mansa, resor, murɗaɗɗen ƙarfen da ke nannaɗe da shi, kuma ya gaji ko ya karye. A haka ba za ta kai tsohuwa Maraɗi ba, balle ta dawo da ita da sabon aiki a ido. Sai an sake ƙafafun gaba duka biyu, don ba a sake ɗaya a bar ɗaya. Sannan ya dube ni ya ce ai kayan suna ɗakin marigayi, ko na manta?

Ban manta ba. Buhun yana bayan ƙofa, na san wurin da yake kamar yadda mutum ya san haƙorin da ke masa ciwo. Wata biyu kafin rasuwarsa Yaya ya sayo su a Maraɗi, ƙafafu biyu a haɗe, na hannu amma masu kyau, ya ce ranar Lahadi in kama masa mu ɗaura a gida, don shi ba ya kai motarsa gareji wani ya taɓa masa ita. Na ce ina da kayen ƴan aji, littattafan rubutunsu, da zan duba. Lahadi ta gaba na ce taro gare mu. Ta uku ko dalili ban ba shi ba, na ce Lahadi mai zuwa. Bai yi fushi ba, Yaya ba ya fushi, ya yi dariya ya ce hannun alli ba ya son baƙin mai. Likita ya ce ba hanya ce ta kashe shi ba, kuma na yarda. Amma wata biyu ya yi yana shan dukan hanyar Rumbu a kan matacciyar ƙafa yana jirana, wannan kuwa babu likitan da zai cire mini shi daga rai.

Ranar Lahadi muka yi aikin. Ba da gangan ba, haka ta faɗo. Tun da sassafe Baba ya zauna a kujerar ƙarfe da akwatin kile, wato sifanoni, a gabansa, shi ne baki, ni ne hannu. Yashin gidanmu ba ya riƙe kirik, ƙarfen ɗaga mota, sai da muka shimfiɗa katako a ƙasa kafin motar ta ɗagu. Baba ya ce shi bai yarda mutum ya sa kai ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita ba, ya binne mutum biyu a kan haka. Na mirgino tsohon turmin Inna da ya tsage muka tokare ta da shi. Da dama muka fara. Bulon, wato kusoshin ɗaurin, duk sun yi tsatsa, na jiƙa su da man gazuwal, na ja da hannu, na taka da ƙafa, na zagi wanda ya ƙera su. Kile ya kuɓuce, na daki ƙarfe da bayan hannu, fata ta saɓule. Na yi jifa da kilen har gindin rumbu.

"Mushe, wanga ba alli ba ne, ƙarhe ne," in ji Baba. "Ba shi jin tsawa. Tahi ka ɗauko."

Na je na ɗauko. Kafin hantsi ya yi zafi ƙafar dama ta fita, sabuwar ta shiga. Bulon uku na sama, ƙarƙashin murfin inji, ya ce in matse su. Na ƙasa kuwa ya ce in ɗaura su sako-sako in bar su. Na tambayi dalili, ya ce ba a lakwal muke ba, in na kai can zan gani.

Inna tana kan tabarmarta tun da muka fara, ba ta hana ba ko da ta ji ana mirgina turminta. Sai da muka koma hagu na cire taya ta kira ni. Ta tambaye ni, in mun gama, haka motar za ta tsaya yadda take? Ni kuwa da alfahari na ce a'a, ai karkatar nan ita muke cirewa, daidai za ta tsaya kamar ranar da aka ƙera ta. Ta yi shiru. Na ɗauka shirun wanda aka kayar ne, har na ji daɗi a raina, Allah ya yafe mini.

Da na leƙa ƙafar hagu sai na ga aikin Yaya. Resor ɗin ya karye a zoben ƙasa. Yaya ya cusa guntun taya a wurin karayar, ya ɗaure da ɗanyar fata, yadda mahaifinmu ke ɗaure ƙotar da ta tsage: a jiƙa fata a naɗa, in ta bushe ta kama gam. Gashi bai gama fita daga fatar ba, rabi fari rabi baƙi. Na gane ta. Ta ragon layyarsa na ƙarshe ce, uda ne da ya sayo a kasuwar dabbobi yana ta cika baki, ni na riƙe masa ƙafafu aka yanka. Ƙullin ma nasa ne, don Yaya bahago ne, kullum ƙullinsa a juye yake. Ɗaurin ya haɗa da tiyon birki, babu yadda ƙafar za ta fita sai an yanke. Baba ya miƙo mini wuƙa. Na daɗe riƙe da ita. Wannan karon bai yi mini tsiya ba, ya sunkuya yana tonon akwati kamar mai neman wani abu, na kuwa san babu abin da yake nema. Na yanke. Na ɗauki ƙullin na sa a aljihu.

Bayan azahar ƙafar hagu ta shiga. Na mayar da taya, muka janye turmi, na sauke kirik a hankali. Motar ta sauka ta tsaya daidai. Baba ya je gabanta ya rufe ido ɗaya ya auna, ya gyaɗa kai. Na juya wurin Inna ina goge hannu da tsumma, ina jiran ko sannu da aiki.

Ta karkata kai gefe, ta miƙar, ta sake karkatawa. Ta sa tafin hannu ta yi wa idon dama rumfa. Ta daɗe a haka.

"Kun hidda shi," ta ce.

Ba da faɗa ta yi maganar ba, ko muryarta ba ta canja ba. Na je na tsuguna kusa da tabarmar, kaina daidai da nata, na runtse ido har komai ya yi dishi-dishi, yadda na san take gani. Motar ta zama wani duhu mai faɗi, farin rawanin nan kuma a bayan gilashi ya zama kan mutum a jingine. Abu ɗaya ne babu, nauyin. Da karkatar tana nan, ko ni sai in rantse akwai mutum a zaune. A nan na gane abin da take kallo kowace la'asar, shekara biyu. Ɗan da al'ada ta hana ta kallo yana raye, yanar ido ta ba ta shi ta kalla son ranta, ya dawo daga Rumbu yana hutawa, magariba ba ta yi ba tukuna. Na gane kuma dalilin ƙin Maraɗi. In aka buɗe mata ido, tsumma za ta gani a kan kujera. Ni kuwa na wuni ina zuba gumi ina cire mata shi da hannuna, har ina yi mata alfahari.

Na ce mata in tana so in mayar da tsohuwar ƙafar, ga ta nan a yashe, kafin magariba na mayar. Ta ce wanda aka fitar an fitar, in je in ƙarasa aikina.

Sai a lokacin Baba ya gaya mini dalilin barin bulon ɗin ƙasa sako-sako. Ba a matse su mota na rataye. Sai ta sauka ta ɗauki nauyinta, an ɗan tura ta ƙafafun sun zauna, kuma da nauyi a kujerar direba yadda za ta yi tafiya, in ba haka ba robobin da ke cikin gaɓoɓin za su murɗe su mutu da wuri. Haka ya koya, haka ya koya wa Yaya. Tunda ba mu da ramin gareji, sai na haƙa ɗaya a gaban motar. Yashi ne, bai ɗauke ni lokaci ba. Tsawon mutum, faɗin kafaɗa. Sai da na gama na tsaya a bakinsa na ga abin da na haƙa. Ni ne na shiga kabarin Yaya na karɓe shi, na san wannan tsawon, na san wannan faɗin. Baba ma ya gani, ya ce in yi bisimilla in daina kallo. Na miƙa hannu ta taga na saki birki, matata ta kama mini muka tura motar har ta hau kan ramin.

Saura nauyi. Na ce Baba ya shiga ya zauna. Ya ce bayansa ba ya son kujerar mota, mutumin da ya wuni a kan kujerar ƙarfe. Na juya wurin matata, ta tuna tana da tukunya a wuta. Na ce to shi ke nan, bari in ɗauko buhun gero, na nufi ɗakin ajiya.

"Ba a aza buhu wurin nan," in ji Inna.

Ta dafa ƙasa ta tashi. Na matso zan riƙe ta, ta ture hannuna. Ta bi jikin motar da tafin hannu har ta sami mariƙin ƙofa, ta ja. Ƙofar ta yi wata ƙara da har yau nake ji. Ta tattare zane ta hau, ta zauna a cikin lotsawar da jikinsa ya yi wa kujerar, ƙafafunta ba su kai ƙasa sosai ba. Motar ko motsi ba ta yi ba, don Inna a lokacin ba ta kai rabin Yaya ba. Na dubi Baba, ni da shi mun san nauyin bai isa ba. Ya ce ya isa. Ya miƙo mini kile, ya ce bulon huɗu ne, biyu kowane gefe, in matse har hannuna ya ƙi. Sannan ya ɗauki sandarsa ya ce an kira la'asar, ya fita. Ni ban ji an kira ba.

Na zame na shiga ramin a rigingine. Yashin ƙasa da sanyi, ƙarfen mota bai fi tafin hannu daga hancina ba, ga warin tsohon mai da kashin kaji. Na matse biyun dama. Na ja jiki zuwa hagu, kusa da ƙarƙashin kujerar. Akwai wata ƴar huda da tsatsa ta yi a ƙasan motar, ta nan nake hango bakin zanenta. Na sa kile na fara ja.

Sai na ji ta kira sunansa.

Ba da ƙarfi ba. Yadda ake kiran mutumin da ke barci kusa da kai, ana so ya tashi, ba a so ya firgita. Sunan yanka, cikakke, wanda aka raɗa masa. Shekarata arba'in da ɗoriya ban taɓa jin yadda sunan nan yake a muryarta ba, har sai da na yi shakkar ko ita ce. Wallahi na kasa kunne in ji ko za a amsa. Ta sake kira. Sannan ta ce:

"Na gan ka hwa. Cewa na yi ka gaji, in bar ka ka huta."

Daga nan sai motar ta fara wata ƴar girgiza a kaina, kaɗan-kaɗan, sabbin ƙafafun suna shanyewa. Ban sani ba ko ta manta ina ƙasa, ko ta sani ta ga ƙarfen da ke tsakaninmu ya isa sutura. Ban motsa ba. Kilen yana kan bulon, hannuna yana kan kilen, hawaye na gangara mini cikin kunnuwa, ina tsoron in yi numfashi mai ƙarfi ta ji ta haɗiye sauran. Na ji tausayinta, na ji kunyar kaina, kuma in faɗi gaskiya na ji kishi. Ni da take kiran sunana sau goma a wuni, ba ta taɓa kiran sa da irin wannan muryar ba.

Sai da girgizar ta tsaya na matse biyun da suka rage, ina buga kile da gangan don ta san ina nan. Da na fito ta riga ta sauko tana gyara kallabi, rawanin a naɗe a hammatarta. Ba ta dubi inda nake ba. Ta tambaye ni wace rana likitan ya ce ana aikin idon, ta kuma ce in gaya wa matata ta wanke mata zannuwa biyu.

Ranar Laraba muka tafi. Lotsawar kujerar ta yi mini yawa, sai da na sa matashi a baya kafin ƙafata ta kai birki. Motar ba ta ba mu matsala ba, zuwa da dawowa. Aikin ya yi kyau. Inna ta dawo tana ganin ƙwayar gero a cikin yashi, tana yi wa matata faɗan shara, tana ce mini ashe furfura ta fito mini ba wanda ya gaya mata. Ta mayar da tabarmarta ɗaya gefen ƙofar, tana fuskantar turken awaki. Ta ƙara shekara huɗu a duniya. Ban sake jin sunan a bakinta ba, ni ma ban taɓa nuna mata na ji ba. Da ta rasu, matan da suka buɗe akwatinta sun sami rawanin a wanke, a ninke, a ƙarƙashin zannuwanta.

Motar tana hannuna har yanzu, ƙullin fatar nan yana cikin ƴar ma'ajiyar gaba tare da takardu. Bara ta fara karkata, gaba, hagu. Ni ban ƙara ko kilo ɗaya ba, yadda aka san ni haka nake. Baba ya zo da sandarsa ya danna ta, ya ce kada in sa wa raina komai, ga hanyoyinmu, ga shi kuma nauyin da aka matse ta da shi bai isa ba, shi ya san da haka tun ranar. Na yarda da shi. Na je Maraɗi na sayo ƙafafu biyu, suna cikin buhu a bayan ƙofar ɗakin nan dai. Idona lafiya lau yake, an duba. Amma da la'asar, in na dawo na kashe ta na fito, nakan tsinci kaina tsugune a ƙofar ɗakin Inna ina runtse ido. Sau uku ke nan matata tana tambayata yaushe za a ɗaura kayan. Na ce mata Lahadi mai zuwa.